Na Ce Mata Makro Ne

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Yau ba dogon gaishe-gaishe. Kwana tara ban leƙo ba, wasu har sun biyo ni ta saƙo suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau nake, kunya ce ta ɓoye ni. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don babban abin zagin yana gaba.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Fatihu. Ƙauyenmu yana gefen dam ɗin Watari, inda ake noman rani. A aji huɗu na sakandare na bar makaranta. Ba kora ta aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi cajin waya wata biyar. Na yi acaɓa har ranar da na zubar da wata baiwar Allah da ƙwaryar nononta a kwata. Na yi gyaran janareto sati uku. Hoto ne kaɗai ya riƙe ni shekara biyu cur, ina bin biki da suna da saukar karatu.

Sai kuma Aina'u. 'Yar Malam Abdulmumini ce, manomin tumatir a unguwar da ke gaba da tamu. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin aikin gona. Yadda aka yi mai karatu irinta ta saurari irina, ni ma har yau ban gama ganewa ba. Babanta ya ce ba zai ji maganar kowa ba sai ta gama makaranta, kuma bana ne za ta gama. Abu ɗaya ya rage mata, binciken kammala karatu. In ya wuce, ta fita tare da 'yan ajinsu. In bai wuce ba, sai baɗi.

Wata Laraba bayan la'asar na je zance. Ta fito cikin atamfa ruwan ganye mai ɗigon ja, da hijabi ruwan toka wanda ya tsaya mata a gwiwa, ɗan yatsanta da tabon biro. Ta ajiye mini jug ɗin zoɓo a kan benci, ta zauna a can ɗaya ƙarshen.

"Malam mai hoto, yau da buƙata na fito."

"An gama."

"Ba ka ji ba ka ce an gama?"

"Haka nake aikina."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen hijabi, sannan ta yi mini bayani. Bincikenta a kan tsutsar nan ce mai cinye tumatir, wadda manoma ke kira sharon. Wani ɗan ƙwaro mai fiffike ne yake saka ƙwai a bayan ganye, tsutsa ta fito ta shige cikin ganyen tana ci. Aina'u tana son ta auna girman ƙwan da na tsutsar, mako bayan mako, har sati shida.

"Malamarmu ta ce hanya biyu ce," in ji ta. "Ko a ajiye rula a gefen kowace tsutsa a ɗauke su tare, ko a samu lens na makro na gaskiya, wanda ake kira ɗaya-da-ɗaya. Ta ce da shi, in an matsa har iyakarsa, faɗin hoton sananne ne, daga nan sai in lissafa tsawon komai. Ka san wanda yake da irinsa?"

Jama'a, wallahi ban fahimci rabin abin da ta faɗa ba. Kalma ɗaya na kama. Na zuge jaka na zaro dogon lens ɗina, wato gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, wanda na saya na hannu a Kano. Na juya shi na nuna mata. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da ruwan lemo a jikinsa: MACRO.

"Kina zaune da mai shi kina tambayar gari."

"Kai Fatihu! Da gaske?"

"Karanta da kanki, ke ce 'yar boko."

Muna cikin haka Babanta ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Na sauka daga benci na durƙusa. Ita kuwa ko gaisuwar ba ta bari mun gama ba.

"Baba, ashe yana da shi!"

"To madalla," ya ce. "Kai dai ka yi mata aiki mai kyau. Fangali uku na ware mata, ba feshi ba komai, na sallama wa tsutsa. Maƙwabta har sun fara yi mini kallon wanda ya taɓu."

"In sha Allahu Baba, sai an yi mamaki."

Da ya shige, ta ciro wata 'yar rula ta roba daga jakarta. "Ko mu haɗa da wannan ma, don kwanciyar hankali?"

Kun san me na ce? Na ce, "Rula a cikin hotona? Aina'u, so kike a ce ɗan firamare ne ya ɗauka?"

Ta dube ni, ta dubi rular, ta mayar da ita jaka. "Kai ka san aikinka."

Ranar Asabar da hantsi muka shiga fangalin farko. Ta tsuguna ta buɗe ganye da tsinin allura, ga tsutsar nan kamar guntun zare. Na durƙusa na kai lens kusa. Ya yi ƙugi, ya shiga, ya fita, ya ƙi tsayawa. Komai dishi-dishi. Na ja baya kaɗan. Ya ƙi. Na ƙara ja. Sai da na yi taku biyu manya daga ganyen sannan ya yarda ya nuna abu tar.

"Ba ka yi nisa ba kuwa?" ta tambaya. "Na ɗauka kusa ake zuwa."

"Ƙananan masu hoto ke nan. Manya daga nesa suke yi, kada numfashi ya dami abin."

Na danna, na leƙa allon kyamara. Ganye guda ne cif, har da na kusa da shi, tsutsar kuwa sai ka ƙura ido. Ƙwan ma kamar ƙura ce ta faɗa wa allon. A nan na gane an samu matsala. A nan ya kamata in ce, Aina'u, ɗauko rularki. Ta miƙo kai za ta gani, na kife allon a ƙirjina.

"Rana ta yi yawa, ba za ki ga komai ba. Bari in je gida in gyara."

A gida na yi abin da na saba yi wa amare. In na ɗauki amarya ta yi nisa a hoto, sai in yanke gefe da gefe in jawo ta har ta cika shi. Haka na yi wa tsutsa. Na yanke, na jawo, wannan da yawa, waccan kaɗan, yadda dai idona ya ga ya yi kyau. Da suka farfashe, na sa su a manhajar da nake goge wa amare ƙuraje, ta sumulce su. Na tura mata.

Minti biyu ba a yi ba waya ta yi ƙara, saƙonta ya shigo.

"Innalillahi! Fatihu har kanta ana gani!"

"Kaɗan kika gani."

"Na nuna wa Baba, ya ce ashe haka maƙiyiyar tasa take."

"Ki ce masa aikin surukinsa ne."

"Rufa mini asiri. Allah Ya bar mini kai."

Wannan saƙon na ƙarshe na karanta shi ya fi sau ashirin. Shi ya rufe mini baki sati shida. Duk Asabar in je in tsaya daga nesa in danna, in dawo in yanke. Na ga yadda fangalin nan uku suka koma kamar an babbaka su, 'ya'yan tumatir duk huda, suna ruɓewa a jikin uwa. Na ji Malam Abdulrashid, mai gonar da ke ƙarshen kwata, yana ɗaga wa Babanta murya cewa tsutsarsa ta tsallako masa. Duk na gani, na ji, na ci gaba da dannawa.

A sati na biyar ta turo mini: "Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tsutsar kwana uku ta fi ta kwana goma tsawo a lissafina. Sau uku ina sakewa. Ka tabbata ɗaya-da-ɗaya ne?"

Na rubuta "Aina'u akwai maganar da", na goge. Na rubuta "Gaskiya", na goge. Abin da na tura shi ne: "Kyamara ba ta ƙarya. Wataƙila zafin bana ne ya sa suke girma haka."

Ta yarda. Har ta rubuta shi a cikin bincikenta.

Ranar Litinin da za ta gabatar da aikin a gaban malamai, ni ina gida. Inna ta baje a tsakar gida tana tsince goro, tana jera masu kyau a cikin jiƙaƙƙen buhu. Tun da aka ce Aina'u ta kusa gamawa, Inna ta tayar da Baffana, aka tsayar da Juma'a za su je gaisuwa gidan Malam Abdulmumini. Alawa ma tana ƙarƙashin gado a kwali.

"Auta, ka kai shaddar nan guga kuwa?"

"Inna ai ba da ni za a je ba."

"Ko ba da kai ba, a gan ka fes a gari. Kullum kana yawo da wandon nan mai aljihu goma kamar mai gyaran famfo."

Wajen azahar saƙo ya shigo. Murya ce, daƙiƙa arba'in. Na shiga ɗaki na kara a kunne. Ba kuka take ba, da ma kukan ne. A hankali take magana, kamar mai karanta wasiƙar wani.

"Fatihu, ba su karɓa ba. Malama ta haska hoton ƙwan a bango, ta ce a lissafina ya kusa ƙwayar gero. Ta ce, Aina'u, wannan ƙwan ƙwaro ne ko na zabuwa? Kowa ya yi dariya. Ta ba ni kwana goma in kawo sabon awo, in ba haka ba sai baɗi. Ina hanya gobe."

Na zauna a bakin katifa. Daga tsakar gida ina jin Inna tana 'yar waƙarta tana yayyafa wa goro ruwa.

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Ɗambatta, wurin Baba Mika. Shi ne tsohon mai hoton da na fara koyo a hannunsa, wata biyu na yi na gudu. Shagonsa yana nan yadda na bar shi, bango cike da hotunan bikin coci da na sunan Musulmi, wasu sun koɗe sun koma ruwan shayi. Matarsa, Maman Charity, tana ɗinki a baranda.

"A'a! Maman Charity, leƙo ki ga ɗalibina mai digirin wata biyu."

"Baba ina kwana."

"Lafiya lau. Wannan fuskar ba ta gaisuwa ba ce. Wa ka ɓata wa hoton aure?"

Na ajiye lens ɗin a kan tebur. "Baba, wannan makro ne?"

Bai ko ɗaga shi ba. Ya leƙa baranda ya ce a ara masa tef ɗin awo. Ya shimfiɗa tef ɗin a jikin bango, ya danne shi da ƙusa biyu.

"Jawo shi har ƙarshe. Matso iyakar inda zai yarda ya nuna tar. Ɗauka. To, santimita nawa ka gani daga wannan gefe zuwa wancan?"

Na duba allon. "Tara da ɗoriya."

Ya buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ya ciro abu a cikin safar ƙafa. Wani gajeren lens ne mai nauyi, fentinsa duk ya goge. Ya cire nawa ya ɗaura shi a kyamarata, ya ce da hannu ake juya wannan. Na yi ta matsawa, ina jiran ya ƙi, bai ƙi ba, har na kusa sumbatar bango. Na danna.

"Nawa?"

"Biyu da kaɗan." Har zaren da ke jikin tef ɗin ina gani, da dattin da ya maƙale a cikin lamba.

"To zauna ka ji abin da da ka yi wata na uku da ka sani. A cikin kyamarar nan akwai ɗan faranti da hoto ke sauka a kansa. Faɗinsa santimita biyu da kaɗan, kamar kan sarki na wasiƙa. Makro na gaskiya, in tsutsa rabin santimita ce a kan ganye, rabin santimita za ta kwanta a kan farantin nan. Ba ragi. Shi ake nufi da ɗaya-da-ɗaya. Naka kuwa sai ya rage ta sau huɗu. Juya shi, karanta abin da ke gaban kalmar."

Na juya. Da ƙananan lambobi, ga shi nan: 1:4. Shekara biyu ina ganinsa. Na ɗauka lambar kamfani ce.

"To Baba don me za su rubuta makro?"

"Don irinku su saya. Duk lens ɗin da ya ɗan iya matsowa kusa da fure sai a manna masa sunan. Amma ba su ɓoye maka ba, ga lamba sun sa. Kai ne ka karanta babban rubutu ka bar ƙarami."

Sai na ba shi labarin duka, kaina a ƙasa. Har rular ban ɓoye ba. Ya saurara yana shafa gemu.

"To ba a mutu ba," ya ce. "Kawo na asalin, waɗanda ba ka yanke ba. In duk daga iyakarsa ka ɗauka, mun san faɗinsu tara da ɗoriya ne. Yarinya ta sake lissafi da wannan, a wuce wurin."

Na shiga jujjuya lens ɗina a kan tebur.

"Fatihu. Ina na asalin?"

Ku da ba masu hoto ba, bari in gaya muku. Katin memori ɗaya gare ni. Duk ranar Asabar da yamma akwai biki, kuma biki yana cinye kati. Saboda haka da na tura wa Aina'u waɗanda na gyara, sai in share katin tas in tafi wurin amarya. Haka na yi sau shida.

"Na goge, Baba."

Keken ɗinkin da ke baranda ya tsaya. Baba Mika ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya daɗe yana murza idanu. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Can ya mayar da lens ɗinsa cikin safa, ya turo mini. "Shekara talatin yana wurina. Ɗana Nathan ya roƙa ya gaji, ban ba shi ba. Ba don kai na bayar ba, don yarinyar ne da uban da ya bar gonarsa ta lalace. Kada ya bar hannunka."

Daga tasha ban biya gida ba, gona na wuce da gudu-gudu, ina cewa a raina ai an samu mafita. Kwana goma ya isa. Tsutsa manya da ƙanana duk suna nan a fangalin, a yini uku sai a gama.

Da na hau kan kunyar gonar sai na tsaya. Fangalin nan uku babu su. Baƙin toka ne shimfiɗe, murabba'i uku. Ashe tun ranar Lahadi, da Aina'u ta ce an gama ɗauka, Babanta ya tuge su ya cinna musu wuta don maƙwabta su huta.

Yana can gefe yana gyara bakin kwata. Aina'u tana zaune a gindin mangwaro da kwanon abincinsa a gabanta, hijabinta baƙi, fuskarta ba ko hoda. Na gaishe shi, na durƙusa a kan tokar, ban tashi ba.

"Baba, ni ne. Ba lissafinta ba ne. Lens ɗina ba makro ba ne. Tun ranar farko na ga alama na yi shiru. Yanke hotunan na riƙa yi ina jawo su da ka. Na asalin kuma na goge."

Fartanyar ta tsaya. Aina'u ta taso a hankali har ta zo kaina.

"Tun ranar farko?"

"Eh."

"Da na tambaye ka a sati na biyar fa?"

Na kafa ido a kan tokar.

"Ka san me na yi jiya? Akwai wani ɗan ajinmu, Najib, ya ɗaga hannu ya ce a duba lens ɗin da aka yi aikin da shi. Na miƙe na ce masa kada ya ƙara sa baki a sana'ar da bai sani ba. Na ce mai hotona ƙwararre ne, kuskuren daga lissafina yake. A gaban mutum arba'in, Fatihu. Na zaɓi a ce ni ce daƙiƙiya."

"Aina'u, na samo na gaskiyar, ga shi a jaka, wallahi yanzu..."

"Ka ɗauki me da shi? Toka?"

Malam Abdulmumini bai ko kalle ni ba. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Kwana nawa suka ba ki?"

"Goma, Baba. Saura tara."

"Duk yankin nan an tuge tumatir. Mutum ɗaya ne ya yi shukar baya." Ya juya ya kalli ƙarshen kwata. "Abdulrashid. Kuma na ji gobe zai yi feshi."

Mutumin da wata guda ke nan ba sa ko gaisawa, saboda fangalin nan uku. Na ga dattijon nan ya sunkuya ya wanke hannu da ƙafa a kwata, ya kakkaɓe hularsa ya sa, ya gyara wuyan riga.

"Baba, bari ni in je in roƙe shi."

Sai a lokacin ya dube ni. "Ka je a matsayin wa?"

Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, bai juyo ba. "Ka gaya wa Baffanka, Juma'ar nan ba na gida."

Sai bayan magariba na iya gaya wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan buhun goron. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To Auta, yanzu kuma wace sana'ar za ka gudu ka koma?"

"Ba inda za ni, Inna."

"Allah Ya sa." Ta ja buhun ta tura shi bayan randa.

Ina tsaye a wurin waya ta yi ƙara. Aina'u ce, a rubuce, ba sallama.

"Malam Abdulrashid ya ɗaga feshi kwana uku. Sai da Baba ya cire hula. Gobe ƙarfe bakwai ka kawo kyamarar da lens ɗin. Najib zai zo daga Bacirawa, shi zai ɗauka."

Na karanta, na sake karantawa. Na rubuta mata cewa ni ma yanzu na iya, Baba Mika ya nuna mini. Alamar ta nuna ta gani. Ba ta amsa ba.

Na kira Baba Mika na karanta masa saƙon.

"Na ce maka kada ya bar hannunka."

"Baba, ba ta yarda da hannuna ba."

Ya sa na maimaita masa saƙon. Sannan ya ce, "Tana da gaskiya. To kada ya bar idonka."

Bakwai saura na isa. Najib ya sauko daga acaɓa da farar riga da takalmi sau-ciki, dogo, mai tabarau. Na so a ce mai girman kai ne, in samu abin da zan riƙe a zuciya. Ina! Hannu biyu ya ba ni.

"Yallaɓai, sannu da ƙoƙari. Ni fa ban taɓa riƙe babbar kyamara ba, sai ka nuna mini."

Na rataya masa kyamarata a wuya da hannuna. Na nuna masa zoben da ake juyawa har ƙarshe, na ce kada ya ƙara taɓa shi, jikinsa zai riƙa kaiwa gaba da baya har abin ya fito tar. Na nuna masa yadda zai kafa gwiwar hannu a ƙasa ya riƙe numfashi. Ya ce na gode. Aina'u tana gefe da littafinta da allurarta, ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba.

Ya kwanta rub da ciki da farar rigar nan. Ya danna, ya duba, ya girgiza kai. Iskar safe tana kaɗa ganyen, kuma a kusancin nan ko motsi kaɗan ya ɓata komai. Ya sake, ya sake.

"Ganyen ba ya tsayawa," ya ce.

Aina'u ta yi magana tana kallon littafi. "A samu mai riƙewa."

Na durƙusa a cikin laka, na kama ganyen da yatsu biyu, kaina kusa da nasa. Ya danna. Ta karɓi kyamarar ta duba, ta auna, ta yi 'yan rubuce-rubuce. Na ga kafaɗunta sun sauka.

"Wannan ya yi daidai da na littafi," ta ce wa Najib. "Na gaba."

Na ja gwiwa zuwa shuka ta gaba. Muka yi ta biyar, muka yi ta goma, rana ta fara cizo. Dattawan biyu suna tsaye a kan kunya, Malam Abdulrashid da tankin feshinsa a ajiye a gefe, ya harɗe hannu yana kallonmu. Mutum ne da ba ya iya magana a hankali.

"Wai Malam Abdulmumini," ya ce, duk gonar tana ji, "na ji an ce an kusa kawo maka goro. Wanne ne a ciki? Mai kyamarar ko mai riƙon ganyen?"

Biron Aina'u ya tsaya. Ban ɗaga kai ba. Ina kallon wata 'yar tsutsa tana tafiya a kan ganyen da ke tsakanin yatsuna, ina jiran abin da dattijon zai ce.

"A gama aikin yarinya tukuna," in ji Malam Abdulmumini.

Najib ya ɗago ido daga bayan kyamarata, ya yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji.

"Yallaɓai, yi haƙuri. Hannunka yana rawa."